Asabar a Wusasa, da kyamara a wuya

Asabar, tsakiyar Janairu.

Hunturun bana ya kankama. Da asuba muka yi addu'ar iyali, yara na naɗe cikin bargo, autarmu tana karanta Zabura ta 19 haƙoranta na kaɗawa don sanyi. Ana cewa Amin na rataya jaka na nufi dutsen Kufena, don Asabar ce kaɗai makaranta take sakina. Sauran kwanakin mako na alli ne da allo da takardun lissafin ɗalibai.

Masu hoto da yawa ba sa shiri da hazo. Ni kuwa ina son sa. Gaskiya ne yana cinye nesa, dutsen da kake gani tangaran da damina sai ya koma dishi-dishi, amma ƙurar nan tana tace hasken rana, ta rage masa kaifi. Wajen ƙarfe bakwai rana ta leƙo jajir kamar garwashi, duwatsun suka jeru bi da bi, na gaba ya fi na baya duhu. Abu ɗaya hazo yake nema a wurinka, hattara. Ba a sauya gilashin kyamara a fili. In ka buɗe cikinta ƙura ta sauka a kan farantin da ke karɓar haske, duk hoton da ka ɗauka daga baya sai ka ga ɗigo-ɗigo a sararin sama. Shi ya sa tun a ɗaki na ɗaura gilashin milimita 50, na bar shi a kai har dare. Kyamarar tawa Nikon D3200 ce, samfurin 2012, ta hannu na saya, kuma har yau tana biya mini bukata.

A gindin dutse na tarar da wani Bafulatani da shanunsa. Muka gaisa, na nemi izini. Ya ce shanun dai, ban da shi. Haka na yi. Fuskar mutum tasa ce, ba ta mai kyamara ba.

Da hantsi uwargida ta aike ni kasuwar Sabon Gari. Tumatir ya yi araha, attaruhu ma haka, manja ne dai ya ƙi sauka. Na biya wurin mai gyaran babur, na dawo na tarar ana wanki, na ja ruwa a rijiya.

Ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau da la'asar ya faru.

Bara muka yi bison wani dattijo na ikkilisiyarmu, mutumin da ya koyar da mu a makarantar Lahadi, ya kuma koyar da 'ya'yanmu. Da aka zo buga takardar tsarin jana'iza, iyalinsa suka birkice akwatuna suna neman hotonsa. Abin da aka samu biyu ne: na katin shaida, wanda aka buɗa shi har idanu suka narke, da wani da aka yanko daga hoton biki, kafaɗar wani na leƙowa a gefe. Na riƙe takardar nan a cikin majami'a raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da kyamara a gida, na ɗauki duwatsu da tsuntsaye da faɗuwar rana ba adadi, ga shi wanda ya koya mini Addu'ar Ubangiji ya tafi ba shi da hoton kirki. Bayan haka na sami Rabaran, ya amince in riƙa ɗaukar tsofaffinmu ɗaya bayan ɗaya, kyauta, tun suna da ƙarfin zama su dubi mutum.

Wannan abu yana damuna musamman a nan garin. Duk wanda ya san tarihin Wusasa ya san Likita Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya kuma sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Hotunan Turawan mishan suna nan cikin littattafai. Su kuwa maginan da suka cuɗa ƙasa suka ɗora tubalin tsohuwar majami'ar St. Bartholomew a 1929, shekarar da mishan ta dawo nan, aikin hannunsu kaɗai muke gani, katanga mai kauri da bakan gizo irin na ginin Hausa. Ba na so jikokinmu su gāji suna kawai.

Yau layi ya zo kan Mama, tsohuwar uwar zumuntar mata, wadda ta haura tamanin. Na same ta a wurin koyon waƙa, tulunta na kiɗa a cinya.

Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Ɗana, me za ka yi da hoton tsohuwa? Ko an ce maka na kusa tafiya gida ne?"

Na ce, "A'a, Mama, Allah ya ƙara muku kwana. Jikokinku ne nake so su samu."

Ta yi dariya, ta ce to in jira ta gyara ɗaurin kallabi, kuma a miƙo mata Littafinta, ba za a ɗauke ta hannu wofi ba. Littafin ya sha hannu, bangonsa ɗinkin zare ne.

Kallabin fari ne fat, kuma a nan aikin yake. Kyamara tana auna haske ne a dunƙule. In ta ga farin ƙyalle mai yawa sai ta rage haske, fuskar baƙin mutum ta nutse cikin duhu. Yawancin hotunan bikinmu da ake ganin tufafi ba a ganin mutane, dalilin ke nan. Na zaunar da ita a bakin ƙofa ta ciki, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, na ƙara wa ma'aunin haske mataki guda. Autarmu ta riƙe farin kwali a ɗaya gefen don ya mayar da haske kan kumatunta. Ƙofar gilashi na sa a 2.8, wato a buɗe sosai, don bango ya dushe, na saita a kan idon da ya fi kusa da ni.

Da farko ta sandare, ta haɗe fuska irin ta hoton katin shaida. Ban danna ba. Na sauke kyamara na tambaye ta wa ya koya mata kiɗan tulu. Ta fara ba ni labarin yayar mahaifiyarta, da yadda suke tafiya taron zumunta a ƙafa da kaya a ka. Tana cikin magana matan suka tayar da wata tsohuwar waƙa ta yabo, sai ta ajiye Littafin a gefen zane, hannunta ya koma bakin tulu da kansa, ta karɓi amshi. Fuskar nan ta buɗe gaba ɗaya. A nan na ɗauka.

Na gaskata abin da Farawa sura ta 1 ta ce, cewa Allah ya yi mutum cikin kamanninsa. Saboda haka tsayawa a nemi hasken da ya dace da fuskar tsohuwa, a jira har ta saki jiki, a wurina girmamawa ce ga wanda ya yi ta. Wa'azi ba baiwata ba ce, waƙa ma haka. Wannan dai na iya, kuma ina so in yi shi da kyau.

Da suka durƙusa don addu'ar rufewa na mayar da murfin gilashi, na durƙusa tare da su. Wannan ƙa'ida ce da ba na karyawa, haka ma lokacin Jibin Ubangiji. Yana yi mini ciwo in ga ana ɗaurin aure, Rabaran na sa wa ango da amarya albarka, rabin majami'a sun miƙe da wayoyi, wani ma har ya haura gaban bagade yana walƙa wa mutane fitila a ido. Wanda ya rufe ido yana magana da Allah ya kamata a bar shi.

Da dare an ɗauke wuta, amma kwamfuta na da sauran caji. Muka zauna da uwargida muna zaɓe. Na so wanda Mama take dariya, ita ta fi son wanda bakinta ke buɗe cikin waƙa, hannu a kan tulu. Da muka buɗa shi na ga ta fi ni gaskiya. Ɗanmu babba ya ce in goge tamojin goshi kamar yadda wayoyi suke yi. Na ce ko kusa. Tamojin da tsagen da ke kumatunta da su jikokinta za su gane ta. Haske kaɗai na ɗan gyara.

Ran Litinin in an tashi makaranta zan kai a wanke, inci 5 da 7, kofi biyu: ɗaya nata, ɗaya na 'yarta da ke aure a Kaduna. Hoton da ya tsaya a waya yakan tafi tare da wayar. Zan rubuta cikakken sunanta da na ƙauyensu da kwanan wata a baya, da fensir, don tawada takan ɓullo ta gaba. Gobe bayan sujada kuma akwai wani baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da ya aiko a gaya mini ya riga ya sa an goge masa babbar riga.