Laraba: awon magani da kuromosom na 21

Ƙofar Marusa, Katsina. Tun bayan sallar asuba nake kan babi na biyu na kundin digirina na biyu a ilimin magunguna, kafin zafi ya taso. Tambayar babin guda ce: me ya sa awon maganin da wani yaro zai sha ya tashi garau yake kayar da yaro mai lalurar Down? A gari galahanga ake cewa, sai dai kalmar tana zuba lalurori daban-daban a buhu ɗaya, don haka a rubuce nake amfani da sunan John Langdon Down, likitan Ingila da ya siffanta ta a 1866. Sai a 1959 aka gano tushenta a Faransa: kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin kowace ƙwayar halitta, 47 ne maimakon 46, domin na 21 ya zo uku. A kan wannan na 21 ɗin kuwa akwai ƙwayoyin gado masu hannu a yadda jiki ke karɓar magani.

Metotireksat ne ya cinye mini hantsi. Yaran nan sun fi sauran yara kamuwa da sankarar jini ninki 10 zuwa 20, kuma wannan magani ginshiƙi ne wajen yaƙar ɗaya daga manyan nau'o'inta biyu. Ƙofar da yake bi ya shiga cikin ƙwayar halitta, umarnin gina ta yana kan kuromosom na 21, a ƙwayar gadon da ake kira SLC19A1. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne, kwafi uku kan sa ƙofofin su yi yawa, magani ya kwarara har cikin lafiyayyun ƙwayoyi. Sai baki ya yi gyambo, yaro ya kasa haɗiyar ko da yawu, ga gudawa, ga fararen ƙwayoyin jini sun faɗi. Shi ya sa a tsarin jinyar sankarar jinin yara na Jamus mai suna BFM, inda ake ba sauran yara giram 5 kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki cikin awa 24, masu Down da giram 0.5 ake fara musu, a ƙara in jiki ya ɗauka. Ana haɗawa da ƙarin ruwa mai yawa da bayikabonet mai rage tsami, a riƙa gwada fitsari kada pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, ya sauka ƙasa da 7, in ba haka ba maganin ya daskare a ƙoda. Lukoborin, maganin da ke ceto lafiyayyun ƙwayoyi, yana shiga a awa ta 42 da 48 da 54 daga fara ba da metotireksat. Abin da ya fi tayar mini da hankali a nan gida shi ne Septrin da ibufurofen. Dukansu suna ƙara wa metotireksat dafi, kuma babu kemis ɗin da ba za a miƙo maka su ba.

Sitarabin kuwa, shi ma maganin sankarar jini, akasin haka ne. A ɗaya nau'in sankarar, mai suna mayeloyid, ƙwayoyin cutar a jikin yaran nan sun fi jin sa, don haka ana sassauta musu magani kuma sun fi sauran yara warkewa.

Bayan la'asar wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta shigo da jikarta 'yar wata takwas a goye, da ledar magani a hannu. Likita ya rubuta wa yarinyar lebotairoksin saboda raunin tayroyid, wato halittar da ke gaban wuya mai daidaita aikin jiki, abin da ya zama ruwan dare ga masu Down, har ake son a gwada su ranar haihuwa, da wata 6, da wata 12, sannan duk shekara.

"Ɗiyata, duba mini, haka ake ba ta?"

Na zazzage ledar a kan tabarma. Tare take ɗura mata ƙwayar da maganin ƙarin jini na ruwa, kuma a bakin taga take ajiyewa, inda rana ke dukan su.

"Inna, kada ki taɓa awon da likita ya rubuta. Yadda ake bayarwa kawai za mu gyara."

Na ɗauko cokula biyu na murƙushe ƙwayar a tsakaninsu, na nuna mata yadda za a dama garin da ɗan nonon uwa, cokali ɗaya, a tabbatar ta haɗiye duka. Ba a zubawa a cikin fida cike da madara, don in ta rage, magani ya rage. Sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama ƙwayar a hanji ya hana ta shiga jiki, sai an raba su da awa 4. Haka ma kalsiyam, da kunu ko madarar waken suya. Zafi da haske da laima suna rage mata ƙarfi, gara a bar ta a kwalinta, a ɗaki mafi sanyi. Na roƙe ta ta faɗa wa likitan yadda aka riƙa bayarwa a baya, domin in gwajin jini na TSH, mai nuna aikin tayroyid, ya fito sama yana iya ƙara awo alhali ba awon ne ya gaza ba.

Da dare aka kawo wuta, na koma kan ɓeran gwaji Ts65Dn, wanda ake kwaikwayon lalurar Down da shi a bincike. Magunguna da dama sun gyara masa ƙwaƙwalwa, amma magungunan memantin da basmisanil da aka gwada a kan mutane ba su nuna amfanin da aka sa rai ba. Gobe in Allah ya kai mu zan rubuta dalili: ƙarin ƙwayoyin gadon ɓeran wani sashe ne kawai na waɗanda ke kan na 21 ɗin ɗan Adam, kuma yana ɗauke da wasu da ba su da alaƙa da shi.