Yadda Na Sauya Aksul da Sitiyarin Tsohuwar Motar Soja Ƙirar M715

Motar da na yi wa wannan aiki ita ce Kaiser Jeep M715, wadda aka ƙera wa rundunar sojan Amurka a birnin Toledo na jihar Ohio daga 1967 zuwa 1969, aka kuma fitar da fiye da dubu 30 daga cikinta. An tsara ta ne ta ɗauki kaya tan ɗaya da kwata, kuma asalin ƙirarta daga motar fararen hula mai suna Gladiator aka ɗauko shi. Bayan soja sun gama da su, da yawa sun koma hannun hukumomin gandun daji da ƙananan ofisoshin kashe gobara na karkara, inda aka ɗora musu tankin ruwa. Tawa ma daga irin wannan ofishi ta fito, a jihar Arizona inda nake zaune nake sana'ar kanikanci. Burina shi ne ta fita daga gida da tayoyinta, ta bi kwalta har inda kwalta ta ƙare, ta shiga duwatsu da rairayi, sannan ta dawo da ni ba tare da an ɗauko ta a bayan tirela ba.

A yadda ta zo daga masana'anta, wannan buri ya fi ƙarfinta, kuma ba don ta rasa ƙwari ba. Aksul ɗin gaba Dana 60 ne, na baya Dana 70, sunaye masu daraja a wurin duk wanda ya san manyan motoci. Sai dai haƙoran da ke cikinsu 5.87 ne, wato sai farfela ta juya kusan sau shida kafin taya ta juya sau ɗaya. Da tayoyinta na asali, 9.00 a kan rim mai inci 16, injin Tornado mai lita 3.8 yana juyawa kusan sau 3,100 a minti ɗaya idan ana tafiyar mil 55 a awa, kuma wannan shi ne iyakar gudunta. Gwiwar aksul ɗin gaba rufaffiya ce, tayoyin ba sa karyawa sosai, saboda haka kwanar da ƙaramar mota za ta sha lokaci guda sai an yi ta da gaba da baya. Sandunan da ke cikin wannan aksul sirara ne idan aka gwada su da na Dana 60 na baya-bayan nan. Birkinta na ganga ne a duk ƙafafu huɗu, babu abin da ke taimaka wa ƙafar direba, kuma layin man birki guda ɗaya ne, idan tiyo ɗaya ya fashe birki ya tafi gaba ɗaya. Ga rim mai zobe, wanda masu faci da yawa ba sa yarda su taɓa saboda haɗarinsa, ga jeren noti shida a kan inci 7.25 wanda da wuya a sami rim ɗin zamani da ya dace da shi. Ina girmama masu riƙe waɗannan motoci yadda soja suka bar su, domin tarihi suke adanawa, amma motar da za ta sauko daga kan dutse da iyalina a ciki ba zan bar ta da irin wannan birki ba.

Wasu abokan sana'a sun ba ni shawarar in sa aksul ɗin Rockwell na babbar motar soja M35 mai ɗaukar tan biyu da rabi. Ban karɓa ba. Nauyinsu ya wuce abin da wannan shasi ke buƙata, haƙoransu 6.72 ne, wato gudun kwalta zai ƙara raguwa, kuma tulun haƙoran a sama yake, sai an ɗaga motar sosai kafin ya sami wuri a ƙarƙashin inji. Na zaɓi aksul biyu na wata motar soja ta tsakiyar shekarun 1980, M1008, wadda kamfanin Chevrolet ya ƙera. Na gabanta Dana 60 ne mai buɗaɗɗiyar gwiwa da birkin faifai da sanduna masu kaurin inci ɗaya da rabi, na bayanta kuma shi ne wanda ake kira mai noti 14, da babban haƙori mai faɗin inci 10.5 da makullin Detroit Locker, mai sa tayoyin baya biyu su juya tare, a ciki tun daga masana'anta. Duka biyun 4.56 ne, jeren notinsu takwas a kan inci 6.5, wanda rim ɗinsa yake ko'ina. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tulun na gaba yana ɓangaren fasinja, daidai inda ƙaramin giyabos ɗin M715 mai raba ƙarfi, NP200, yake fitar da farfelar gaba.

Kafin su kusanci motar na buɗe su duka. Na ƙirga haƙora da hannuna, 41 a babba da 9 a ƙarami, a gaba da baya, domin aksul ɗin da ya shekara kusan arba'in yana yawo ba a san wanda ya taɓa cikinsa ba, kuma idan haƙoran gaba da na baya suka saɓa, ranar da aka sa taya huɗu a ƙasa mai tauri wani abu zai karye. Na sauya boris da sil, na kuma sabunta kingfin, wato ƙusar da gwiwa ke juyawa a kanta, musamman bushin roba mai tauri da sifirin ɗin da ke danne shi a saman gwiwa, waɗanda idan suka gaji sukan jawo girgizar sitiyari mai ban tsoro.

Aikin baya bai ba ni wahala ba. Na yanke tsofaffin kujerun sifirin, na daidaita aksul a tsakiya ta hanyar aunawa daga shasi zuwa kowane gefe, na saukar da nauyin motar a kansa, sannan na juya shi har kusurwar bakinsa ta dace da ta bakin giyabos kafin na yi walda. Da yake tulun sabon aksul a tsakiya yake, na mayar da farfela zuwa mafitar NP200 ta tsakiya, inda gangar birkin hannu take, birkin hannu kuma na mayar da shi kan gangunan baya da waya.

Gaba ne ya ci mafi yawan lokacina da tunanina. Sifirin ɗin gaba na M715 a wajen shasi suke, tazararsu ta fi ta Chevrolet faɗi, kuma kujerar sifirin ta ɓangaren fasinja a sabon aksul zubi ɗaya ce da tulun, ba abin da za a yanke a matsar ba ne. Saboda haka sifirin ne suka matsa. Na ƙera sababbin marataya daga ƙarfe mai kauri, na shigo da su ƙarƙashin shasi, aksul ya koma ƙarƙashin sifirin maimakon samansu. Wannan ya ɗaga motar da inci da dama, ya buɗe wa manyan tayoyi wuri, amma ya kawo tambayar da duk aikin ya rataya a kanta, wato kusurwar kasta. Kasta ita ce jinginar da ƙusar da taya ke juyawa a kanta take yi zuwa baya, kuma ita ce ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Duk wanda ya taɓa sakin hannu a kan keke ya ga aikinta, domin jinginar wuyan keke ce ke hana tayar gaba kaucewa. Idan mota ta tashi sama, farfelar gaba takan yi gangare mai tsanani, sai zuciya ta raya wa mutum ya juya aksul sama don farfela ta huta. Kowane digiri da aka juya ta wannan hanya, daga kasta ake cire shi. Ɗan yayana da yake taya ni a gareji ya dubi gangaren ya ce, "Baffa, me zai hana mu ɗaga bakin kaɗan?" Na ce masa farfelar gaba ba ta ɗaukar ƙarfi sai a daji, a can ma a hankali ake tafiya, amma sitiyari yana aiki kowane daƙiƙa da motar ke motsi. Na tsayar da kasta a digiri 6, na auna ta da ma'aunin kusurwa a saman gwiwa bayan inji da duk nauyi sun zauna a kan sifirin, sannan na magance gangaren farfela da gaɓa mai ninki biyu a ɓangaren giyabos. Na ɗana walda kaɗan-kaɗan tukuna, na sake aunawa daga kusurwa zuwa kusurwa don tabbatar da cewa aksul biyu sun yi layi ɗaya, kafin na cike ta.

Sitiyarin asali na ƙarfin damtse ne, kuma da tayoyi masu inci 37 a tsakanin duwatsu babu damtsen da zai iya da shi. A nan dangantakar M715 da motocin Jeep na fararen hula ta yi mini rana, domin akwatin sitiyari mai aiki da mai, ƙirar Saginaw, na tsohuwar Wagoneer ya zauna a shasin da ɗan gyara kaɗan. Duk da haka ban ɗaure shi a kan ƙarfen shasi kawai ba. Ƙarfin da akwatin yake fitarwa don tura babbar taya da ta maƙale, shasi ne yake karɓarsa, kuma a daidai nan ne tsofaffin motoci suke tsagewa. Na liƙa faranti mai kauri ciki da waje, na zura bututun ƙarfe a kowane rami don kada noti ya matse shasin, na kuma ja wani ƙarfe daga akwatin zuwa ɗaya gefen. Famfon man sitiyari sai da na ƙera masa mazauni a jikin inji, tun da injin soja bai zo da wurinsa ba, na ƙara masa ɗan lagireto, domin a tafiyar daji ana yawan murza sitiyari alhali iska ba ta shiga, mai yakan yi zafi har ya yi kumfa.

Chevrolet ta tsara aksul ɗinta ne a riƙa tura gwiwar ɓangaren direba gaba da baya da gajeriyar sanda, tsarin da ba ya jituwa da akwatin Jeep, kuma ba ya jure motsin sifirin mai yawa. Na cire murfin kingfin na ɓangaren fasinja, na ɗaura hannun ƙarfe a kan ƙusoshinsa huɗu, na ja doguwar sanda daga hannun akwatin sitiyari ta ratsa gaban motar zuwa can. Sharaɗin wannan sanda shi ne ta kwanta kusan a miƙe. Idan ta yi gangare, duk lokacin da taya ta faɗa rami sai aksul ya ja ta, motar ta karkata da kanta ba tare da direba ya motsa hannu ba. Na gwada ta hanyar ɗaga kowace taya da jak har sifirin ya kai iyakarsa, ina murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ina duba ko wata gaɓa ta cije ko sanda ta taɓa sifirin. Bakin tayoyin gaba na shigo da shi ciki da kusan milimita 3.

A wurina birki ɓangare ne na wannan aiki, ba abin da za a bari sai an sami sarari ba. Na sa masta, wato famfon man birki, mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban, da na'urar ƙara ƙarfin birki mai amfani da matsin man sitiyari, irin wadda M1008 ɗin kanta take da ita saboda injinta na dizal ne. Na sabunta duk layukan ƙarfe, na sa dogayen tiyo waɗanda ba za su ɗame ba idan aksul ya sauka iyakarsa, na kuma sa bawul mai rage matsin baya, saboda motar da bayanta babu kaya tayoyin baya ne ke fara kullewa.

Tayoyin da na sa na motar soja Humvee ne, 37 a kan rim mai inci 16.5. Rim mai wannan girma ba shi da tudun da ke riƙe leɓen taya, don haka idan aka rage iska don shiga rairayi taya tana iya zamewa. Wannan ya sa na nemi rim ɗin Humvee mai ɓari biyu wanda ke matse leɓen daga ciki, aka sake masa tsakiya don kada ya gogi hannun sitiyari.

A kan kwalta bambancin ya fito nan take. A mil 55 injin ya sauko zuwa kusan juyi 2,300, motar tana tafiya a miƙe, sitiyari yana komawa tsakiya da kansa, kuma idan na taka birki tana tsayawa inda na nufa. A hanyoyin duwatsu na Moab, a jihar Utah, makullin baya ya sa ta haye wuraren da a da taya ɗaya za ta tashi sama tana juyawa a banza. Amma akwai abin da na biya. Giya ta ɗaya a babban giyabos ɗin motar, T-98, 6.40 ce, ƙaramar giyar NP200 kuma 1.96, idan aka ninka su da juna da kuma 5.87 sakamakon ya kai kusan 74, da 4.56 kuwa ya sauko zuwa 57, ga tayoyi sun ƙara girma. A hawa mai tsanani yanzu sai na yi wasa da kuloci a inda da can motar take rarrafawa da kanta, kuma a dogon tudu na kwalta injin Tornado yakan nemi giya ta uku da wuri. Tsawon da ta ƙara yana sa ni taka-tsantsan a hanya mai karkata. Detroit Locker ma yana da halinsa, yakan yi ƙara ya ɗan fizgi bayan mota idan aka ba da wuta a tsakiyar kwana, a kan laka ko ƙanƙara mai gangare kuma yakan zame da ita gefe. Da sifirin a saman aksul, na baya ya fara murɗawa idan taya ta kama dutse da ƙarfi, sai da na ƙara masa sandar da ke hana shi juyawa.

Bayan fitar farko na sake ɗaure duk yubol, ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul, domin sababbi sukan saki, na duba faranti da waldar da ke kewaye da akwatin sitiyari, kuma har yanzu ina duba su duk lokacin da na dawo daga daji. Na ja bututun numfashin aksul biyu zuwa saman ɗakin inji saboda ƙetare rafi. Silindar mai da wasu ke ɗaurawa a kan aksul don ta taya akwatin tura taya ban sa ta ba, domin da inci 37 akwatin yana wadatarwa, ita kuma tana rage wa direba jin abin da taya ke taka. NP200 ya rage zafi tun da farfela ta koma mafitar tsakiya, amma na riga na ajiye NP205, wani giyabos mai raba ƙarfi da zai maye gurbinsa, a gareji, kuma shi ne aikin da zan shiga idan zafin bazarar Arizona ya sauka.