Hoton Inna da fentin ruwa da alƙalami

A makon jiya 'yar ƙanwata, wadda take karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta zo gidanmu a Tudun Wada, ta miƙo mini wata takarda mai kauri, ta ce, "Kawu, ga Inna." Hoton mahaifiyata ne ta zana, tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, kuma na daɗe ina kallon takardar kafin na iya cewa komai.

Abin da ya fara kama ni shi ne furfurar da ta leƙo daga ƙarƙashin ɗankwali, domin babu ɗigon farin fenti a wurin. Farin takardar ta bari haka nan, ta kewaye shi da launi. Haka aikin fentin ruwa yake, ana farawa daga launi mai haske zuwa mai duhu, kuma abin da ya riga ya shiga takarda da wuya ya gyaru, balle a hunturun Kaduna da ruwa ke bushewa kafin a ɗaga buroshi. Shuɗin mayafin ta bar shi ya malale yadda ya so, har ya ɓace a gefen takarda.

Alƙalamin kuwa ba ta yi almubazzaranci da shi ba. Ta ajiye shi don gefen idanu, da tsagar kumatu, da bayan hannu inda jijiyoyi suka taso, kuma ba ta rage wa Inna tamoji ko ɗaya ba, alhali hotunan waya na yanzu sai sun goge fuskar tsohuwa tas, kamar tsufa abin kunya ne. A ganina nan ne darajar zanen take.

Da ta gaya mini cewa da ƙaro ake haɗa wannan fenti, sai na tuna tawadar makarantar allo, wadda ita ma ƙaro ne ke riƙe baƙinta a jikin allo, kuma Inna ce take dafa mana ita muna yara.

Da aka kai wa Inna zanen, ba ta tsaya a kan fuskar ba. Ta sa yatsa kusa da hannuwan, ta ce waɗannan hannuwan mahaifiyarta ne. Gobe zan kai shi a sa masa gilashi, sannan in rataye shi a bangon da rana ba ta bugu, saboda hasken rana yana kashe launin fentin ruwa.