Wuni guda a ƙauyukan inabi na bakin kogin Mosel

Daga birnin Koblenz na ƙasar Jamus, inda kogin Mosel ke zubawa cikin kogin Rhine, muka kama hanya da sanyin safiya a farkon watan Oktoba, ni da wani abokin aikina Bajamushe da ya daɗe yana gayyata ta in je in ga iyayensa. Ya san ba na shan giya. Ya ce gonaki da mutane zai nuna mini, kuma kaka ce, kowa yana gona.

Kogin ba ya tafiya a miƙe, sai lanƙwasa yake yi tsakanin tuddai, titi na biye da shi. Duk gangaren da ke kallon rana an shuke shi da inabi tun daga bakin ruwa har can sama. A ƙauyen Bremm muka fara tsayawa, gindin tudun Calmont, wanda ake lissafawa cikin gonakin inabi mafi tsananin gangara a Turai, don a wasu wurare ya kai kusan digiri 65. Na tashi a gidan manoma, na san zafin noma, amma ban taɓa ganin gonar da mutum zai dafa ƙasa da hannu ɗaya ya yi aiki da ɗayan ba. Ƙasar ma ba ƙasa ba ce sosai, ɓaraguzan wani baƙin dutse ne mai ɓarewa falle-falle, yana zamewa ƙarƙashin takalmi. Na ɗauki guda, na ji shi da ɗumi. Nan sirrin yake: dutsen yana shan zafin rana da wuni, ya riƙa sake shi da dare, shi ya sa inabin Riesling ke samun nuna a ƙasa mai sanyi irin wannan.

Tarakta ba ta hawa nan. Kowane itace yana da turkensa, da hannu ake ɗaure shi, da hannu ake tsinkar 'ya'yansa. Na tsaya ina kallon wata mata da ɗan almakashinta, ta kafa ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tana yanke nonon inabi tana juya shi, ta cire ruɓaɓɓu kafin ta jefa a bokiti. Gefenta wani siririn layin ƙarfe ne ya miƙe sama, ƙaramin inji na jan akwatuna a kansa. Da yawa daga cikin masu tsinkar 'yan ci-rani ne daga Poland da Romaniya.

Garin Bernkastel ya cika da 'yan yawon buɗe ido, ba mu daɗe ba. Mun ga tsofaffin gidajen katako da ke kewaye da dandalin kasuwa, da wani ɗan tsukukun gida na 1416 wanda samansa ya fi gindinsa faɗi. Abin da ya fi kama raina yana tsallaken gada, a Kues. Wani malamin coci ɗan garin, Nikolaus na Kues, wanda aka haifa a 1401, ya gina gida don tsofaffi matalauta 33, ya bar masa gonakin inabi su riƙa ɗaukar nauyinsa, tamkar waƙafi a wurinmu. Har yau tsofaffi na zaune a ciki. A Neumagen kuma muka leƙa kwafin wani jirgin ruwa na dutse ɗauke da ganguna, wanda aka sassaƙa a kabarin wani ɗan kasuwar giya zamanin Rumawa. Na ainihin yana gidan tarihi a Trier.

Ƙarfe huɗu aka ce mu zo, ƙarfe huɗu muka ƙwanƙwasa ƙofa. Uwargida ta riga ta shirya tebur da kofi da kek. Tun mako guda kafin zuwanmu ta tambayi ɗanta abin da nake ci da wanda ba na ci, har ta gasa mini burodin albasa da suke yi lokacin girbi, nawa daban ba naman alade. Ta ajiye mini ruwan inabi da aka matse a ranar, bai fara tsami ba, zaƙinsa har da ɗan gardi. Da na ce ina son yin sallah, ba wata doguwar tambaya, ta buɗe mini ɗaki ta kawo tawul mai tsabta. Wannan karamci ya shiga raina ƙwarai.

Maigidan ba mai yawan magana ba ne, sai da muka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda gangunansa suke bakinsa ya buɗe. Ya nuna mini zane a bango, inda ruwa ya kai a ambaliyar Disambar 1993. Amma ba ruwa ne damuwarsa ba. Ya ce aikin gonar gangare ya ninka na fili sau da yawa, kuɗin ƙwadago kullum hawa yake, masu saye kuma araha suke nema. Ya ja ni bakin taga ya nuna wani yanki a tudun da ke fuskantar gidan, inda ƙaya da ciyawa suka rufe. Gonar mahaifinsa ce, ya sake ta da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala. 'Yarsa tana aiki a birni, ɗansa ga shi tsaye kusa da ni, ma'aikacin ofis. Bai zargi kowa ba, shi da kansa ya tura su karatu, abokina kuwa ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba.

Na tambaye shi, "Baba, to sauran gonakin fa?" Ya ce na ƙasa-ƙasa da tarakta ke shiga ba matsala, akwai masu so. Na gangaren guda ɗaya ta rage masa, zai yi mata aikin baɗi, daga nan ya ba wani maƙwabcinsa haya idan ya yarda ya karɓa.