Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Preston North End ta shiga raina

A makon jiya mun tsaya a inda na samu ɗakin haya a garin Preston, arewa maso yammacin Ingila, a ƙarshen shekarar 2013. Wannan makon zan jingine zancen karatu da aikin dare, in ba ku labarin ƙungiyar ƙwallon garin, domin idan na tsallake ta, na bar rabin zamana a can ba a faɗa ba.

Gidan yana unguwar Deepdale ne, kuma daga bakin ƙofarmu ana hango rufin filin wasa. Duk Asabar ɗin da ake wasa a gida, da an yi azahar layinmu zai cika da masu fararen riguna, tsoho riƙe da hannun jika, mata da miji, samari ayari-ayari. Ni kuwa ƙwallon da na sani ta talabijin ce, ta manyan ƙungiyoyin Firimiya. A lokacin Preston ko a rukuni na biyu ba ta, tana na uku tun da ta faɗo a 2011. Sai in riƙa mamakin abin da ke fito da mutum cikin wannan sanyi da yayyafi don kallon irin wannan wasa.

Maƙwabcina wani dattijo ne Bature da ya yi ritaya daga masana'antar haɗa jiragen sama. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Kujeru biyu yake biya a filin kowace kaka, tasa da ta matarsa, kuma bayan rasuwarta bai daina biyan tata ba. Ranar Juma'a 14 ga Fabrairun 2014 labari ya bazu cewa Tom Finney ya rasu yana da shekara 91. Washegari da safe Baba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya miƙo mini tikiti ya ce, "Ɗana, yau ba na son in zauna kusa da kujerar da babu kowa. Sa rigar sanyinka mu tafi."

Kafin mu shiga muka tsaya a wurin mutum-mutumin Finney da ke gaban filin. An sassaƙa shi ne daga wani hoto da aka ɗauka a 1956 a filin Chelsea, yana zamiya da ƙwallo cikin ruwan da ya kwanta a fili, shi ya sa aka kafa shi a tsakiyar ruwa mai feshi. Ran nan furanni da riguna da mayafan wuya sun kusa binne shi. A ciki, kowane ɗan wasan Preston ya fito da sunan Finney a bayan rigarsa. Na ga ƙarti masu furfura suna share hawaye ba kunya.

Wane ne wannan mutum? Haifaffen unguwar ne, ɗan talakawa, kuma mahaifinsa ya kafe sai ya gama koyon gyaran famfo kafin ya rungumi ƙwallo. Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye farkon ƙuruciyarsa, ya yi aikin soja a Masar da Italiya, bai buga wasan gasa na farko ba sai 1946 yana da shekara 24. Duk da haka ya buga wa Ingila wasa 76, ya ci ƙwallo 30, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara a 1954 da 1957. Alƙalin wasa bai taɓa korarsa ba, bai taɓa rubuta sunansa ba. A 1952 ƙungiyar Palermo ta Italiya ta yi masa tayin fam 10,000 a hannu, da albashi mai tsoka da gida da mota, a zamanin da doka ta ƙayyade wa ɗan wasan Ingila fam 14 a mako. Shugabannin Preston suka ce ba sa sayarwa, shi kuma ya haƙura ya zauna, yana murza leda ranar Asabar, yana gyara wa mutanen gari famfo sauran ranaku. Baba ya ce akwai gidaje da yawa a garin da har yau suke alfahari cewa kamfanin Finney ne ya sa musu bututun ruwa. Bai taɓa ɗaga kofin babbar gasa ko na FA ba. A 1953 Arsenal ta ƙwace musu gasa da lissafin ƙwallaye bayan makinsu ya zo daidai, a 1954 kuma West Brom ta doke su 3-2 a wasan ƙarshe na kofin FA. Ya ajiye takalmi a 1960. Shekara ɗaya tak bayan haka ƙungiyar ta faɗo daga rukuni na ɗaya, kuma tun daga 1961 ba ta sake komawa ba.

Daga wannan rana kujerar ta zama tawa. A can na koyi tarihin ƙungiyar, guntu-guntu, yawanci a hutun rabin lokaci, muna cin wani gashin fulawa da ake cusa wa dankalin turawa da albasa da man shanu. Abincin 'yan Katolika ne na ranar Juma'a, lokacin da ba sa cin nama, kuma ya zama alamar garin. Rashin naman ya sa nake cinsa hankali kwance.

Filin kansa yana ba da labari. Ɓangarori huɗu gare shi, uku an sa musu sunayen mutane, an kuma zana fuskokinsu da launin kujeru: Finney, da mai tsaron raga Alan Kelly, da Bill Shankly, wanda kafin ya gina Liverpool ɗan wasan Preston ne, yana cikin waɗanda suka ci kofin FA a 1938. Na huɗun an sa masa sunan tawagar 1889, kuma nan ne ƙashin bayan alfaharinsu. Ƙungiyar ta faro ne da wasan kurket, ta tare a Deepdale a 1875, sannan ta koma ƙwallon ƙafa a 1880. Wani manajan masaƙar auduga mai suna William Sudell ya riƙa ɗauko 'yan wasa daga Sikotland, ya ba su aiki a masaƙa da suna, ya biya su don ƙwallo, alhali doka ta hana biya. A 1884 aka kai ƙararsa, ya amsa a fili cewa yana biya, aka kore su daga kofin FA. Rigimar da ta biyo baya ce ta tilasta wa hukumar ƙwallon Ingila, wato FA, halatta ƙwallon sana'a a 1885. Da aka kafa gasar lig ta farko a duniya a 1888 da ƙungiyoyi 12, Preston ta buga wasa 22, ta ci 18, ta yi canjaras 4, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A kakar kuma ta ɗauki kofin FA ba tare da an zura mata ko ƙwallo ɗaya ba. Sai bayan shekara 115 Arsenal ta sake kammala kakar babbar gasa ba a doke ta ba. Shi Sudell ƙarshensa kurkuku ne, a 1895, saboda kuɗin masaƙar da ya karkatar.

Wanda ya fi tsaya mini a rai a mutanen wancan zamani shi ne Arthur Wharton, haifaffen Accra a 1865. Ya tsare wa Preston raga daga 1886 zuwa 1888, kuma shi ake lissafawa a matsayin baƙar fata na farko da ya yi ƙwallon sana'a. Gwanin tsere ne, ya yi yadi 100 cikin daƙiƙa 10. Ya ƙare rayuwarsa yana aikin ma'adinin kwal, ya rasu a 1930 cikin talauci, kabarinsa babu ko alama sai a 1997 aka kafa masa. Duk lokacin da na kalli ragar da ke gabanmu nakan tuna cewa ɗan Afirka ya tsaya a wannan fili tun kafin a haifi kakannin duk wanda ke zaune kusa da ni.

Matan garin ma suna da nasu kason. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ma'aikata mata na masana'antar Dick, Kerr da ke ƙera harsasai suka kafa ƙungiya, suka buga wasansu na farko a Deepdale ranar Kirsimeti ta 1917 a gaban mutum 10,000, don tara wa sojojin da suka ji rauni kuɗi. A 1920 mutum 53,000 suka kalle su a filin Everton. Shekara ɗaya bayan haka hukumar FA ta haramta wa mata wasa a filayenta, haramcin da ya kai shekara 50.

Amma Baba bai cika son daɗewa a kan zamanin ɗaukaka ba. Abin da ya fi maimaita mini shi ne kakar 1985 zuwa 1986, lokacin da ƙungiyar da ta fara cin lig ta ƙare ta 91 cikin ƙungiyoyi 92, sai da ta roƙi sauran su kaɗa mata ƙuri'a kafin a bar ta a gasar. Akwai wasan da 'yan kallo ba su wuce 2,000 da 'yan kai ba. "Ina cikinsu, ɗana," yakan ce, yana dukan ƙirji. A wurinsa wannan ce shaidarsa, ta fi kowane kofi. Bayan nan aka shimfiɗa ciyawar roba a filin har 1994, aka karɓi aron wani yaro daga Manchester United a 1995 mai suna David Beckham, wanda ya ci ƙwallo kai tsaye daga bugun kwana, sannan David Moyes ya fito da su rukuni na biyu a 2000. Sau biyu suka je bakin ƙofar Firimiya, Bolton ta mayar da su da 3-0 a 2001, West Ham da 1-0 a 2005.

Akwai wata al'ada tasu da ban ga irinta a ko'ina ba. A farkon shekarun 1970 kocinsu Alan Ball babba ya yaba wa magoya baya, ya kira su manyan mutane, sai suka fara zuwa wasa da kwat da taye da baƙar malafa mai zagaye irin ta masu kuɗin Landan. An farfaɗo da abin a 2005, kuma yanzu kowace kaka ana ware wasan waje ɗaya, Gentry Day, dubban mutane su yi wannan shiga don tunawa da magoya bayan da suka rasu. Baba yakan ɗinka hoton matarsa da na mahaifinsa a cikin malafarsa. Ya saya mini tawa, na sa, na bi su.

A Mayun 2015 muna matsayi na biyu har ranar ƙarshe, Colchester ta doke mu 1-0, muka rasa hawa kai tsaye, muka zame zuwa wasannin cike gurbi. Garin ya yi tsit, domin sau tara ƙungiyar ta shiga irin waɗannan wasanni a baya, sau tara tana dawowa hannu rabbana. Ranar 24 ga Mayu muka cika motoci zuwa Wembley don karawa da Swindon. Kafin a tafi hutu muna da uku. Jermaine Beckford ya ci uku shi kaɗai, Paul Huntington ya ci ɗaya, aka tashi 4-0. Baba ya ƙanƙame ni har malafarsa ta faɗi, yana ta cewa, "Mun koma, ɗana, mun koma." Rukuni na biyu yake nufi, kuma murnarsa ba ta da sauran wuri.

A nan na san abin da ake kira Championship. Ƙungiyoyi 24, wasa 46 a kaka, Asabar da Talata, Asabar da Talata, cikin hunturu ba sassauci. Uku su hau, uku su faɗi. Ta ƙasan teburi tana iya lallasa ta sama ba wanda zai yi mamaki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabon kuɗi. Ƙungiyar da ta faɗo daga Firimiya ana ci gaba da ba ta miliyoyin fam har tsawon shekara uku don kada ta durƙushe, sannan a ce ta yi takara da irin Preston da ba ta taɓa ɗanɗana wannan kuɗi ba. Wannan ba adalci ba ne. Mu sai dai mu sayi yaro da araha, ko mu karɓi aro, idan ya yi fice masu kuɗi su ɗauke shi. Wasu ƙungiyoyin sukan ci bashin da ya fi ƙarfinsu don su haye, su ƙare da ragin maki. Preston ba ta bi wannan hanya ba. Attajirin da ya mallake ta daga 2010, Trevor Hemmings, shi ke cike giɓin kowace shekara har ya rasu a 2021. Sakamakon shi ne tsakiyar teburi: ta 11, ta 11, sai ta 7 a 2018, inda wasannin cike gurbi suka kuɓuce mana da taki ɗaya.

A kan wannan magoya baya suka rabu biyu, kuma na sha jin musun a kujerun da ke bayanmu. Matasa suna cewa a zuba kuɗi ko sau ɗaya a gwada. Suna da hujja: Blackburn ta ci Firimiya a 1995, Bolton da Wigan da Burnley duk sun buga, har Blackpool, abokiyar gabarmu ta jini, ta leƙa a 2010. Cikin duk ƙungiyoyin da suka taɓa zama zakarun Ingila, Preston kaɗai ce ba ta taɓa buga Firimiya ba. Tsofaffi kuma suna nuna Bury, wadda ba ta da nisa da mu, da aka kora daga gasar gaba ɗaya a 2019 saboda bashi. Ni ina tare da tsofaffin, domin na zauna kusa da wanda ya ga 1986 da idonsa, amma ban taɓa iya ce wa yaron da ke son ganin ƙungiyarsa a Anfield, filin Liverpool, ko sau ɗaya ya yi shiru ba.

A kakar farko ta rukuni na biyu na fara biyan kujerata da kuɗina, duk da Baba ya yi ta faɗa. Don in samu Asabar ɗina sai da na sauya tsarin aikina na dare, kuma wannan sauyin ne ya haɗa ni da mutumin da ya buɗe mini hanyar aikin da nake yi yanzu. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.