Baƙin Tukunya Ba Fenti Ba Ne

Rumfata tana Bukoki, nan Yamai. Randa nake saidawa, da tulu, da kaskon turaren wuta, da tanda, amma abin da ya riƙe ni a sana'ar nan baƙar tukunya ce, wadda Hausawa suka yi wa kirari da mai fidda farin tuwo.

Kowace Laraba ina Bubon, kamar kilomita 25 bisa hanyar Tilaberi, don ranar ce kasuwarsu. Randunan ruwa can nake ɗauko su, da zanensu na fari da ja. Baƙaƙen tukwane kuwa sai na yi sautu wurin wasu tsofaffi mata biyu a ƙauye, na jira mako uku.

Kusan kullum sai wani ya murza yatsa a jikin tukunya ya ce, "Hajiya, wane fenti ne wannan?" Hayaƙi ne. Maginiya tana kwaɓa yumɓu da dakakken tsingaro don kada ya tsage a wuta, ta ɗora gini da hannu, ba inji ba komai. In ta sha iska, sai a goge ta da dutse mai santsi har ta yi ƙyalli. A jera su a fili, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, a cinna wuta. Suna ja jawur ake zaro su da doguwar sanda, a turbuɗe cikin ƙaiƙayi. Iska ta toshe, hayaƙi ya shige cikin yumɓun, shi ke nan ta baƙanta har ƙarshen ranta. Wasu kuma ruwan bagaruwa suke yayyafa mata da zafinta. Na taɓa tambayar babbar cikin tsofaffin nan biyu yadda take gane wuta ta isa, ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, yaya kike gane tuwo ya nuna?"

Ɗana ya nuna mini a waya wani ƙauye a Indiya, Longpi, cikin jihar Manipur, inda 'yan ƙabilar Tangkul ke niƙa dutse su haɗa da yumɓu su gina baƙaƙen tukwane da hannu. Har kofin shayi suke yi. Na aika wa tsofaffina hoton, suka yi dariya, wai wa zai sha shayi a kasko.

Asarar tana a hanya. Kowace tukunya sai na ƙwanƙwasa ta kafin a loda: mai lafiya tana amsawa rau, mai tsaga kuwa muryarta a dushe. Duk da haka, bara wani direba ya ɗora buhun albasa bisa kayana, goma sha ɗaya suka iso a farfashe, kuma kuɗin mota bai rage ko dala ba.

Tukunyar dalma ta kasuwar Katako ta ƙwace mana amare, ban musa ba, ba ta fashewa. Masu zuwa wurina yanzu masu dafa magani ne, da iyayen da suka san miyar kuka a tukunyar ƙasa. Su ba sa tambayar fenti. Ƙwanƙwasawa suke yi, su kasa kunne, sannan a shiga ciniki.