Yadda kitsen ragon layya ya toshe min sinki

Kwana uku da babbar sallah sinkin kicin ɗina ya tsaya cak. Dama tun ranar suyar nama na lura ruwa baya wucewa kamar da, sai ya taru ya ɗan jima sannan ya zurare a hankali yana wani ƙara ƙul-ƙul, amma da yake gida cike yake da baƙi ga rabon nama ga yara suna shige da fice ban bi ta kai ba. Ran na uku da la'asar na gama wanke-wanke na saki ruwa, ko ɗigo bai tafi ba. Ruwa ne fari-fari mai maiƙo shinkafa na yawo a samansa, kafin magariba kicin ɗin ya fara tsami.

Gidan haya muke a Hotoro, saman bene, babu tsakar gidan da zan fitar da kwanuka in wanke, maigida ya tafi Wudil kai nama, mai gyaran famfon da muke kira shima ya tafi garinsu yin sallah. Hankalina ya tashi sosai don washegari dangin maigida zasu zo wuni.

Na fara da tsinken tsintsiya ina zura shi ta ramin, ya karye a ciki. Na tafasa ruwa a kettle na juye akan ruwan dake tsaye, wannan kam asarar gas ce kawai, don zafin duk ya ƙare a cikin ruwan sanyin sama bai ko kai inda matsalar take ba. Sai da na kwashe ruwan tas da kofi zuwa bokiti sannan na gwada abin nan da ake ta yaɗawa, bekin soda da khal. Kumfa ya taso fuuu har naji daɗi nace an gama, bayan rabin awa na buɗe famfo ruwa ya sake taruwa. Su biyun nan idan suka haɗu kashe ƙarfin juna suke, abinda ke saura kusan ruwan gishiri ne, zai iya rage wari amma kitsen da ya daskare ya cika bututu ko gezau.

Ana haka maƙwabciyata ta ƙasa ta hawo, ita tana haɗa sabulun wanki na sayarwa, ta taho min da sodar sabulu a leda tace anti zuba wannan yanzu zata cinye komai. Na karɓa amma zuciyata bata kwanta ba don na taɓa ganin yadda ta sale mata fatar hannu. Na kira mai gyaran famfon nan a waya, dattijo ne, muka gaisa nayi masa barka da sallah na faɗa masa halin da nake ciki. Yace Hajiya don girman Allah ajiye sodar nan. Idan bututu ya toshe gabaɗaya ba wucewa zatayi ba, zama zatayi a ciki tana zafi, duk wanda yazo kwancewa daga baya a hannunsa ko idonsa zata zubo. Kuma yace ki tambayi mai sabulun da me take haɗa sabulu in ba soda da mai ba, toh kitse ne a bututunki, ki zuba masa soda ya huce a ciki ai sabulu mai tauri kika dafa. Wallahi sai da jikina yayi sanyi, ita kanta maƙwabciyar tace gaskiya ne bata taɓa kawo hakan a ranta ba.

Yace in buɗe durowar ƙasan sinkin in duba, zan ga wani farin abu na roba kamar ƙaramar gora a rataye ƙarƙashin ramin, su botul taraf suke ce masa. Shekara huɗu ina gidan ban taɓa sanin amfaninsa ba. Ashe kullum akwai ɗan ruwa da yake zama a cikinsa, shine yake tare warin sokawe da kyankyasai kada su biyo bututu su shigo kicin, kuma duk wani abu mai nauyi nan yake fara kwanciya.

Na fitar da kayan durowar, na sa roba mai faɗi a ƙasa, na sa safar hannu, na kama gindin gorar na murza hagu. Da farko yaƙi don santsi, sai da na naɗa tsumma sannan ya motsa, ba sifana ba komai, hannu kawai. Ruwa baƙi ya fara tsiyaya sannan abin ya fito. Dunƙule ne guda fari mai ruwan toka kamar kyandir, ya ɗauki siffar gorar daidai har da zanen zaren murfin a jikinsa, na danna da yatsa ya ɗan lotsa kawai. Da na fasa shi da cokali ga shinkafa da ta kumbura, ga ganyen shayi, ga zare-zaren soson ƙarfe sun sarƙe komai kamar raga, ga tsinken tsintsiyata, harda ƙaramin cokalin shayin da muka daɗe muna nema. Warin kuwa sai da na buɗe taga na fita na sha iska.

A nan na gane ni na jawo. Ranar suya da na kwashe kitsen da zan ajiye, ragowar na gindin kasko da zafinsa na juye a sinki na bi shi da ruwan famfo, ina ganin ai ruwa-ruwa ne zai wuce. Kitsen rago ko a zafin Kano daskarewa yake da zarar ya huce, balle ya haɗu da ruwan sanyi a bututun da faɗinsa inci ɗaya da rabi ne kacal. Man ja ma haka yake yi lokacin hunturu.

Na wanke gorar da ruwan ɗumi da omo da tsohon burushin haƙori, na zura waya mai lanƙwasa ta ɓangaren da ya shiga bango na jawo wani kitsen, na maida. Ina buɗe famfo sai ga yoyo a ƙasa, ashe zoben robar nan baƙi dake bakin murfin ya faɗa cikin ruwan datti ban gani ba. Na lalubo shi na wanke na zaunar dashi daidai na ɗaure a hankali don kar zaren ya hau karkace, yoyo ya tsaya.

Ruwan yana tafiya amma ba da ƙarfi ba, sai na aro robar nan mai sanda ta zuƙo toshiya. Dattijon ya riga ya gaya min in cusa jiƙaƙƙen tsumma a ɗan ramin nan na sama inda ruwa ke bi idan sinki ya cika, in ba haka ba duk iskar ta nan zata gudu. Na tara ruwa ya rufe bakin robar na danna na ja kamar sau ashirin, sai naji wani guuut, ruwan ya juya ya shige gaba ɗaya. Na bi da ruwan zafi da omo bokiti biyu, mai zafi amma ba tafasasshe ba, don fayif ɗin roba na PVC idan zafin ruwa ya wuce kamar digiri 60 laushi yake farawa, mahaɗarsa ta saki.

Da dare na kira Umma ina bata labari tace ku da sinkinku, mu a tsakar gida wa ya isa ya zuba kitse a rariya. Kuma haka ne, na tuna ragowar tuwo da shinkafa kaji ake watsa wa, kasko kuma sai an goge shi da toka kafin ya ga ruwa. Yanzu gwangwanin madara na ajiye kusa da gas, duk ragowar mai ko kitse nan yake shiga idan ya daskare a jefa a shara, kwanuka kuma sai an kankare su a leda kafin su shiga sinki, na sayo ɗan matacin ƙarfe na sa a bakin ramin. Sodar kuwa a daren na maida wa maƙwabciyata kayanta a ɗaure, don bana son ta kwana a kicin ɗin da yara ke buɗe durowa.